Sakatar da Ba a Zare Ba

A wurinmu, masu tayar da tsofaffin jiragen yaƙi, suna shi ne jirgi. In ka tono abin da ya saura na wani jirgi daga ƙarƙashin ƙasa, ko da bai cika baro ba, ka ƙera sabo fil ka cusa 'yan tsofaffin ƙarafan nan a jikinsa, kowa zai yarda cewa wancan jirgin ne ya dawo, da lambarsa da tarihinsa da mutumin da ya tuƙa shi. In ba ka da wannan, komai kyan aikinka za a ce kwaikwayo ne, 'yan kallo su wuce shi ko waiwaye babu. Na daɗe ina juya wannan al'ada a raina ina neman inda ta karkace. Ban gano ba sai ranar da Cyril Maddern ya zo ganin jirginsa.

Jirgin samfurin Hurricane ne, mai shi kuma Gordon Pettifer. Labarinsa kowa a rumfar jiragenmu ya haddace shi. A watan Satumba na 1940 wani manomi yana gyaran shinge a gefen fadamar gishiri da ke bakin teku a Essex, ya ɗaga kai ya ga mutum yana saukowa a lema, ya kuma ga jirgi ya soko kai cikin fadamar yana hayaƙi, taɓo ya haɗiye shi. Mutumin lemar shi ne Cyril Maddern. A gonar ya sauka, matar manomin ta ba shi shayi. Shekara arba'in bayan nan manomin, ya tsufa tukuf, ya kai Gordon wurin ya nuna masa da sandarsa.

Hukuma ba ta ba da izinin tono in ana zaton akwai gawa a ciki. Amma tunda matuƙin yana raye yana shuka wake a bayan gidansa can arewa, sai aka ba Gordon izini. Suka kawo motar tono, suka ciro injin da guntayen fiffike da tarkacen mazaunin matuƙi. Daga nan ruwa ya fara cika ramin, gefensa yana zubewa, dole suka mayar da ƙasa suka tafi. Ɗan farantin da ake buga lambar jirgi a kai gishiri ya cinye shi, ba a iya karanta komai. Amma ga manomi da idonsa, ga Cyril da ransa, me kuma ake nema? Aka rubuta wa Gordon sunan jirgin Cyril a takarda.

Ya fi shekara ashirin yana wannan aiki. Matarsa Jean ta rasu aikin yana rabi, ya bar gidansu ya koma wata tsohuwar tirela mai ɗakin kwana a bayan rumfa don kada ya yi nisa da jirgin. Ni na shigo daga baya da gudumata, bayan na bar garejin motoci. Ni na lanƙwasa kwanon hancinsa da na fukafukansa, ni kuma na zana masa babban harafin K a gefe, harafin da jirgin Cyril yake ɗauke da shi a ranar da aka harbo shi.

Akwai abu guda da ba mu cika magana a kansa ba. Duk ranar da gari ya yi laima, rumfar takan ɗauki warin taɓo, warin fadama in ruwan teku ya janye. Mun wanke tsofaffin ƙarafan, mun kankare, mun shafa musu fenti, amma warin yana nan. Gordon ya ce magudanar ruwa ce ta toshe. Aka gyara ta, bai hana ba. Ni kuma in na shiga mazaunin matuƙi zan yi aiki, ba na iya daɗewa. Ba tsoro ba ne. Irin abin da kake ji ne in ka shiga ɗakin mutum ba ka yi sallama ba, ka tarar ba kowa amma kujerarsa da ɗumi.

Fiona Garside, wadda ta yi gwajin tashinsa, ita ta mayar da abin wasa. Kullum za ta hau sai ta leƙa ciki tukuna ta ce, "Gafara dai." Na tambaye ta wa take yi wa.

Ta ce, "Oho. Bakina ne yake faɗa, Roy, ba ni ba."

A cikin duk abin da aka tono, wanda Gordon ya fi alfahari da shi shi ne maƙullin ɗamarar matuƙi. Ɗamarar zamanin can igiyoyi huɗu ne, biyu ta kafaɗa biyu ta cinya, kowace da zoben tagulla a bakinta. Ana jera zobban a kan wani ɗan turke a ƙirjin matuƙi, a soka sakata ta riƙe su. Dunƙulen taɓo ne mai tauri ya fito daga ramin, ya yi shekaru a kwali, sai da ranar bikin tashin jirgin ta matso Gordon ya jiƙa shi ya yi ta goga da burushin haƙori. Da abin ya bayyana ya kira mu duka. Ga turke, ga zobba huɗu a jere da guntayen igiya maƙale, ga sakata a wurinta tana ƙyalli. Mu da muka saba da samun rabin abu, ko kashi ɗaya cikin goma, muka yi ta murna. Komai a cike, ba abin da ya ɓace. Muka sha giya a kansa. Gordon ya sa shi a akwatin gilashi a kan jan yadi, ya ajiye kusa da jirgin.

Cyril ya sha ƙin gayyata. Gordon yakan aika masa hotuna, shi kuma ya aiko da godiya, shi ke nan. Amma da aka ce jirgin zai tashi a gaban jama'a karon farko, 'yarsa Hilary ta matsa masa har ya yarda.

Ranar bikin, tun da hantsi fili ya cika. Motoci har gonar maƙwabta, warin soyayyen dankali da albasa ya gauraye da na man jirgi. Masu manyan kyamarori sun jeru a bakin igiyar da ta tare jama'a suna gardamar da ba ta ƙarewa, wannan ya ce koren fentin ya yi duhu, wancan ya ce a watan Satumba ba irin wannan farfelar ake sa wa ba. Gordon ya sa kwat da taye, abin da ban taɓa gani ba tun jana'izar Jean.

Fiona ta ce, "Kai, Gordon! Aure za ka yi ba ka gaya mana ba?"

"Ke dai ki dawo mini da shi yadda na ba ki. In kika goge masa fenti, kada ki sauko, ki zauna can sama."

"To ka aiko mini da abinci."

"Roy, dubi wuyana, tayen nan ya zauna?"

Na ce, "Ya zauna. Kai ne ba ka zauna ba. Tun safe kake zagaye kamar kazar da za ta yi ƙwai."

Sai ga su. Cyril ɗan ƙaramin tsoho ne, ya haura tamanin, da sanda da hular ulu, ba lambar yabo ko ɗaya a ƙirjinsa. Hilary tana riƙe da gwiwar hannunsa yana fizgewa. Aka ɗaga musu igiya suka shigo rumfa, inda jirgin yake tsaye hancinsa yana kallon ƙofa.

Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, "Nawa bai taɓa yin tsabta haka ba. Mai yake zubarwa kamar jariri."

Gordon ya yi dariyar da ta fi ƙarfin maganar. "Yallaɓai, ai wannan ma yana zubarwa. Gogewa muke yi kafin baƙi su zo."

"Ya fi ni kyan tsufa, wannan kam."

"Baba, ai shi an sake masa komai," in ji Hilary.

"To ni ma a kai ni wurin wannan mai gudumar." Ya nuna ni da sanda. "Kana gyaran gwiwa, samari?"

Na ce, "In ta kwano ce, yallaɓai."

Gordon ya zagaya da shi yana nuna masa tsofaffin ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Wannan matakin ƙafa na asali ne, ƙafarka ta taka shi. Wannan maƙalin ma haka. Cyril yana gyaɗa kai, yana shafa fiffike da tafin hannu yadda ake shafa dabba. An riga an ajiye matakala, an shirya mai hoto, domin abin da Gordon ya yi shekara ashirin yana mafarki ke nan, ya ga Cyril Maddern zaune a ciki.

"Bismillah, yallaɓai, ko za ka hau?"

"Bari in sha shayina tukuna."

Aka miƙo masa kofi. Yana kurɓa yana 'yan dube-dube, sai idonsa ya faɗa kan akwatin gilashin. Ya matsa. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Hilary ta karɓe kofin daga hannunsa.

"A ina kuka sami wannan?"

Gordon ya ce, "A ramin, yallaɓai. Ɗamararka ce. Dubi, a cike take, ko sakatar ba ta ɓace ba. Ba na jin akwai irinta a ƙasar nan."

"Haka ta fito? Ba ku kuka haɗa ta ba?"

"Ko kusa. Taɓo kawai na wanke. Ba na taɓa abin asali."

Cyril ya miƙe a hankali. Ya dubi Gordon, ba da fushi ba, sai dai kamar mai tausayi.

"Mista Pettifer, ka taɓa fita daga jirgi yana cin wuta?"

"A'a, yallaɓai."

"Abu na farko, ka ja murfin sama baya. Na biyu, ka zare sakata. Tana fita zobban nan su watse, kowace igiya ta kama gabanta. In ba ta fita ba, kai ma ba ka fita." Ya ɗaga hannunsa na dama, ya nuna wani farin tabo a gindin yatsa. "Tawa na zare ta. Da ƙarfin da na fizge ta har ta yanke ni. Da ban zare ta ba, da ba na nan ina shan shayinku maras sukari."

A waje lasifika tana sanar da cewa an tsinci wata jaka.

Gordon ya ce, "Wataƙila komawa ta yi. Da ƙarfin faɗuwa."

"Zobba huɗu su jeru da kansu a cikin iska, sakata ta nemo ramin ta shiga?"

"Ko kuwa wata ɗamarar ce ta ajiya..."

"Haba, ɗana."

Hilary ta jawo kujera ya zauna. Ya ɗora hannuwa biyu a kan sandarsa yana kallon jirgin, amma yanzu kallon ya sake.

"Mu biyu aka harbo a ranar," in ji shi. "Ni da Alec Venning. Saje ne, yaro daga Whitby, shekararsa ashirin. Yana bayana. Da na fita ina lilo a lema na ga jirgi guda ya nufi teku yana hayaƙi, ya yi ta tafiya har ya ɓace. Na ce Alec ne. Da bakina na faɗa wa kwamanda, aka rubuta wa uwarsa cewa teku ta ɗauke shi." Ya girgiza kai. "Ashe nawa ne. Nawa ne yake tafiya ba kowa a ciki. Manomin nan ya ga mutum guda yana saukowa, ya ga jirgi guda yana faɗuwa, ya haɗa su. Ni ma da ni ne haka zan yi."

Fiona ta ce a hankali, "To ke nan yana..."

"Yana inda kuka bar shi."

Gordon ya dafa fiffike. Fuskarsa ta yi fari fat.

Cyril ya ci gaba. "Yana da ƙanwa, Joyce. Tana nan da ranta, a gidan tsofaffi. Duk Satumba sai an tura ta a kekenta har bakin gaɓa ta watsa furanni a ruwa. Sau biyu na raka ta. Na tsaya kusa da ita ina nuna mata wajen da na ga ya nufa."

"Baba, zo mu fita ka sha iska."

"Ina zuwa." Ya miƙe da ƙyar. "Mista Pettifer, na ga aikin da ka yi. Na san abin da ya ci maka, Hilary ta karanto mini. Ni ba zan gaya wa kowa ba. Na tsufa, ba wanda zai saurare ni, za a ce kaina ne ya juye. Jirginka ne, ramin ma kai ka tona. Abu guda kawai, kada ka ce in hau. Da mutum a ciki."

Suka fita. Fiona ta ce za ta je ta sa kayan tashi, ta bi bayansu. Aka bar ni da Gordon da jirgin. Ranar ba laima, rana ce tarwai, amma na rantse warin taɓon nan ya cika rumfar.

Gordon ya ce, "Ya haura tamanin, Roy."

"Ya haura."

"Shekara sittin. Mutum yakan manta. Yakan haɗa wannan rana da waccan."

"Tabon hannunsa bai manta ba."

"Ka san abin da zai faru in na buɗe baki? Takardar tashinsa a kan sunan take. In sunan ya faɗi, ita ma ta faɗi. Sai an sake bincike tun daga tushe, kuma ba farantin lamba, da me zan tabbatar musu da wani sunan? Zai zauna a nan har ƙura ta binne shi. Sannan su tambaye ni yadda aka yi na tona kabari." Ya sassauta tayensa. "Shekarata saba'in da ɗaya. Ba ni da wata ashirin ɗin."

Na san gaskiya yake faɗa. Na kuma san Alec Venning ba zai ƙara mutuwa ba don an yi shiru, Joyce kuma ta saba da tekunta. Wa za a cuta? Wannan tambayar na yi ta yi wa kaina a tsaye a wurin, ban sami amsar da ta kwanta mini ba. Sai na yi masa wata.

"Ranar tonon, ka ga wani abu?"

"Ruwa na gani."

"Ruwa kawai?"

Ya ce, "Da ramin ya fara zubewa, wani farin abu ya taso a bakin cokalin motar. Kamar yadi. Na ce buhun taki ne. Ruwa ya rufe shi." Ya dube ni. "Buhun taki ne, Roy. Gona ce a gefen."

Ban ce masa ba a samun buhun taki a zurfin gaba biyu cikin taɓon da ba a taɓa shi ba tun zamanin yaƙi. Ban ce masa lema fara ce ba. Ya fi ni sani.

Ya ɗauko ɗan makulli daga aljihu ya buɗe akwatin gilashin. Ya ce, "Ba ni filaya."

Tana aljihun rigar aikina, inda take kullum. Na ciro na miƙa masa, yadda na sha miƙa masa sau dubu. Har yau ina tunanin wannan. Hannuna bai yi gardama ba.

Ya kama kan sakatar da bakin filayar. Shi ya goge ta, shi ya sa mata mai, ya san jan yatsa biyu ya ishe ta. Tana fita zobban za su watse a kan jan yadin, abin ya zama ɗamarar mutumin da ya tsira, maganar wani tsoho kuma ta bi iska. Na ga jijiyoyin bayan hannunsa sun tashi. A waje wani jirgin ya wuce ƙasa-ƙasa, kwanon rufi ya yi ta rawa, ƙarar ta yi nisa ta mutu, shi yana nan a sunkuye.

Can ya ce, ba da ni yake ba, "Hannun Alec yana nan wurin. Nan ya kai hannu."

Ya saki. Ya ajiye filayar a kan gilashin, ya rufe akwatin, ya mayar da makullin aljihu.

"Ku tura shi waje. Lokaci ya yi."

Muka tura shi, mu shida. Jama'a suka ɗauki tafi tun kafin ya gama fitowa. Fiona ta hau fiffike, ta leƙa ciki. Wannan karon ba ta ce "Gafara dai" ba. Ta tsaya jim, sannan ta shiga, na taya ta ɗaure ɗamararta ta zamani. Ta kama hannuna ta ce, "Me ya ce?"

"Ya ce ki tashi."

Injin ya yi tari ya kama, hayaƙi ya bi ta gefen harafin K. Na cire katakan tayoyi. Da na waiwaya neman Gordon sai na hango bayan kwat ɗinsa cikin jama'a, ya nufi ɗan ɗakin da mai sanarwa yake zama.

Mai sanarwar ya riga ya fara. Yana ba da labarin da kowa ya haddace, manomi da shinge da shayi, yana cewa jarumin da kansa yana tare da mu a yau, a yi masa tafi. Cyril yana zaune a kujera a bakin igiya, kansa a sunkuye, mutane suna leƙensa. Jirgin ya ruga a kan ciyawa ya ɗaga. A tsakiyar wata jimla lasifikar ta yi ƙara ta ɗauke.

Ban taɓa jin filin biki ya yi shiru haka ba. Dubban mutane, ba kiɗa, ba magana, sai injin nan shi kaɗai yana zagaya sama. Fiona ta yi nisa ta wajen gabas, wajen da fadamar take, har ya zama ɗan ɗigo, sannan ta juyo ta taho ƙasa-ƙasa a kan layin jama'a. Yana wucewa lasifikar ta dawo. Muryar Gordon ce.

"An gaya muku ba daidai ba. Ni na gaya muku. Wannan jirgin Saje Alec Venning ne, mutumin Whitby. Bai fita ba. Yana cikin fadama har yanzu."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Masu kyamarori suka sauke su suna duban juna. Cyril ya dafa sandarsa ya miƙe, ya cire hularsa, bai zauna ba har jirgin ya sauka.

Da farfela ta tsaya na hau fiffike. Fiona tana zaune hannunta a kan maƙullin ɗamararta, ba ta buɗe ba. Na ce, "Lafiya?"

"Ka ba ni minti ɗaya, Roy," in ji ta. "Nauyi ya yi mini a juyawar nan ta gabas. Kamar ba ya son dawowa."

Abin da Gordon ya faɗa shi ya faru. Kafin wata ya ƙare an janye takardar tashi. An kira shi an yi masa tambayoyi, ya faɗi har maganar farin yadin. Da sanyi ya wuce sojoji suka zo da nasu kayan aikin, suka kafa katangar ƙarfe ta tare ruwa, suka sake buɗe ramin. Bai kai tsayin mutum ba daga inda Gordon ya tsaya suka same shi, a naɗe cikin lemarsa da ba ta buɗe ba.

A Whitby aka binne shi, a maƙabartar da ke kan tudu, teku tana ƙasa. Mun je, ni da Gordon da Fiona. Joyce tana cikin kekenta da bargo a cinya da furanni a hannu, tana ta tambayar mai tura ta ko yau ba za a gangara bakin ruwa ba. Gordon ya zo da maƙullin ɗamarar a naɗe cikin jan yadinsa. Ya durƙusa a gabanta zai yi magana, ta riga shi.

"Kai ne mai jirgin?"

"Ni ne, uwargida... ni ne, uwata." Bakinsa ya harɗe, bai san ma da me zai kira ta ba.

"An ce kai ka samo shi."

"Ni na bar shi."

Ta dube shi ta saman tabarau. "To, ai ga shi nan dai. Tashi, ƙasa da sanyi."

Ya miƙa mata ƙunshin. Ta buɗe ta duba ba ta gane ko mene ne ba, ta miƙa wa Cyril da ke tsaye a gefenta. Cyril ya ba Hilary sandarsa. Ya matsa bakin kabarin, ya riƙe abin a tafin hannun hagu, ya sa yatsan nan mai tabo cikin kan sakatar.

"To, Alec," in ji shi. "Fito."

Ta zare ba wuya. Zobban suka zube a kan akwatin gawar ɗaya bayan ɗaya, muna jin ƙararsu.

Na shafe harafin K da fentin toka. Cyril ya ce na Alec harafin N ne, amma ba mu da izinin zana shi, takardu suna can suna yawo daga wannan ofis zuwa wancan, kowa yana cewa ba farantin lamba. Jirgin yana rumfa, gefensa ba komai. A ranakun biki mutane sukan tsaya a bakin igiya su tambaye ni wane ne wannan, wa ya tuƙa shi, na asali ne ko kwaikwayo. Nakan rasa ta inda zan fara.

Gordon yana nan a tirelarsa. Kowace safiya yakan shigo ya juya farfelar da hannu don kada mai ya kwanta a injin, ya goge abin da ya ɗiga a ƙasa. Bai taɓa tayar da maganar filayar ba, ni ma haka. Rannan gari ya yi laima, na same shi tsaye a tsakiyar rumfa yana shaƙar iska.

Ya ce, "Kana jin wani wari?"

Na shaƙa. Mai, fenti, jiƙaƙƙen siminti.

"A'a."

"Ni ma," in ji shi. Ya tsaya kamar mai jiran a kira sunansa, sannan ya ɗauki tsumma ya koma gindin jirgin.